Baƙin Tukunyar Turai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Batulu, tsohuwar Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, zuwa ga jikana kuma ragon mijina Iliyasu, a Unguwar Ya ta Birnin Kudu. Bayan Sallar Layya, shekarar hijira dubu da ɗari uku da biyu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyarka, ina gajiyar Salla, yaya karatu wajen malaminku? Yaya Safara'u, yarinyar nan da ka gani ka manta da matarka ta fari? Ka gaishe ta, ka ce na yafe mata, don na gaji da ciyar da kai. Ka gaida kakarta, ƙawata Turai, gaisuwa ta musamman. Mu nan lafiya lau, gero ya nuna, uwarka da ubanka suna gaishe ka.

Bayan haka, tukunyar ƙarfen Turai da ka aro mana ta yi aiki. Naman raguna uku muka soye a cikinta, ko gezau ba ta yi ba. Matan unguwa sai shigowa suke yi kallo, don yawancinsu ba su taɓa ganin tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku ba. Na ba su labarin yadda marigayi Sanda, mijin Turai, ya ɗauko ta tun daga Gwanja a zamanin fataucinsa na goro, shekara talatin da wani abu ke nan. Na san ba ta taɓa barin ta ta fita garinku ba sai bana, kuma na san kai ka dafa ƙirji ka ce da hannunka za ka mayar da ita kafin daren Cika-ciki, lokacin da take dafa sadakar mijinta a ciki. Allah ya yi maka albarka, ko da yake rago ne kai.

To amma Iliyasu, ƙazanta! Innalillahi! Da aka gama suya na zauna na dube ta da kyau, sai da tsigar jikina ta tashi. Baƙin da ke bayanta ya kai kaurin ɗan yatsana. Cikinta kuwa wani irin sulɓi ne baƙi wuluk, kitsen bana a kan na bara, na bara a kan na shekarun da ko uwarka ba a kawo gidan nan ba. Na sa farce na karta, abin ya taso kamar ɓawon bishiya. Ashe duk tuwon da Turai ta ciyar da mu a gidanta daga cikin wannan yake fitowa, muna ta santi?

Na sani, kada ka tuna mini. Ka faɗa mini ta ce kada a wanke, a goge cikin da tsumma a shafa mai kawai. Ni na san Turai tun muna tallan gyaɗa ba zane a ƙirji. Ko ƙwaryar furarta sai na bi ta da zagi take wankewa. Ragwanci ne ta mayar doka. Kuma a garin nan ba a mayar da kayan aro yadda aka karɓo shi, sai ya fi kyau. Don haka na yi niyya: zan mayar mata da tukunyar nan tana ƙyalli, in cika ta da soye da kakide, ta buɗe ta rasa bakin magana. Ina so ka tsaya kusa ka kalli fuskarta, ka zo ka kwaikwaya mini.

Mun fara tun shekaranjiya. Na jiƙa ta da ruwan toka mai zafi, muka bi da yashin rafi da soso. Da ya ƙi, muka ɗauko tsingaro muna kankarewa. Uwarka ta ce, Dada, ko dai mu bar wa mai abu abinta yadda take so? Na ce da ita ta kankare ta yi shiru, ita ma tukwanenta na nan tafe. Cikin ya fara fari-fari, har ana ganin asalin ƙarfen, toka-toka kamar bayan kurciya.

Baƙin da muka kankaro kuwa ban zubar ba. Na niƙa shi da ƙaro na yi tawada, da ita nake rubuta maka wannan. In ka ga baƙaƙen suna zamewa a kan takardar, ba tsufa ba ne, ba kuma ƙarancin karatuna ba ne. Maiƙon kakar matarka ne.

Kada ka ce mata komai. Sabo mai jakuna zai kawo maka wannan ranar kasuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka ta fari,
Batulu

*

Da sunan Allah.

Daga Batulu zuwa ga Iliyasu. Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ka karanta wannan a inda ba kowa, kuma ka zauna kafin ka karanta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tukunyar Turai ta fashe.

Bari in faɗa maka daki-daki. Mun gama wanke cikinta tas da ruwan tsamiya, muka kife ta a tsakar gida. Ka san damina ba ta gama tafiya ba, raɓa tana sauka da nauyi. Da safe na fito in ga ƙyallina, na buɗe, sai na ja da baya da salati. Cikin nan gaba ɗaya ya zama ja, ja wur, kamar an yanka abu a ciki. Uwarka ta ƙwalla ƙara. Tsatsa ce, Iliyasu, daga kwana ɗaya! Na sa aka sake gogewa da yashi, kafin la'asar ta dawo. Na goge ta dawo. Tukunyar da ta yi shekara talatin cikin dauɗa ba ta taɓa ciwo ba, ga ta ta kwanta rashin lafiya saboda tsabta. Ga bayanta kuma har yanzu da sauran baƙi mai taurin tsiya, wuri fari wuri baƙi kamar akuya.

Ina cikin wannan sai ga Ɗanbala maƙeri ya shigo. Ka san shi ya ƙera mana ƙarafunan gashin nama, kuma duk bayan layya shi yake zuwa ya wanke su irin wankinsu na maƙera. Ya hura gawayin ƙirya a bayan gida, ya jera ƙarafunan nan da kitse ya daskare musu, ya yi ta zuga har suka yi ja. Maiƙon ya ƙone ƙurmus, ya kama su da awartaki ya tsoma a kwatarniyar ruwa, suka yi cuuu, suka fito fes kamar yau aka ƙera su. Ina tsaye ina kallo, sai shaiɗan ya raɗa mini a kunne. Na ce, ɗan nan, wannan wankin naka yana cin tukunya? Ya yi dariya ya ce, haba Dada, ƙarfe ai ƙarfe ne, tun kakansa wuta da ruwa suke ba shi, bai taɓa cewa a'a ba.

Ƙarti biyu suka ɗora ta a kan garwashi. Ya zuga, ya zuga, hayaƙi ya turnuƙe mai warin tsohon kitse, har karnukan unguwa suka taru. Baƙin ya riƙa zubowa da kansa, gindinta ya yi ja kamar rana za ta faɗi. Wallahi na ji daɗi, har na fara shirya baƙar maganar da zan aika wa Turai. Da yake ba ta shiga kwatarniya, sai ya ɗauki tulun ruwan rijiya mai sanyi ya juye mata.

Ƙarar da ta yi, ban taɓa jin irinta ba. Ba irin ta tukunyar ƙasa ba ce, wani ƙas! ne mai tsini da ya shige mini har cikin haƙori. Da tururin ya washe, sai ga tsaga ta zagaye cikinta kamar an ɗaura mata zare. Muna kallo gefe ɗaya ya kwanta, ɗayan ya bi shi. Gindin kaɗai ya rage tsaye a kan ƙafafunsa uku.

Ɗanbala ya saki tulun, shi ma ya fashe. Ya durƙusa yana duba bakin karayar, yana cewa, Dada, wannan ba ƙarfe ba ne, ƙarfe lanƙwasa yake yi, ba ya fashewa, dubi cikinsa kamar tsakin dawa. Sai ya fara kuka, ƙato da gemunsa. Ni kuwa ko hawayen ban samu ba. Uwarka ce ta ja ni ɗaki.

Iliyasu, kai ka ba da kalmarka, ni na karya ta. Kada ka faɗa wa Turai tukuna, don Allah. Ɗanbala ya ce zai gwada haɗa ta. Ka yi mini addu'a.

Kakarka,
Batulu

*

Da sunan Allah.

Daga Batulu zuwa ga jikana Iliyasu. Gaisuwa da tambayar lafiya. Yaya girbi? Yaya Safara'u? Ka ce mata na ji ta yi kuka, ta yi haƙuri.

Takardarka ta iso. Na karanta faɗan da ka yi mini, ban ji haushi ba. Yau ce rana ta fari da ka yi magana kamar miji na gaske, kuma ko wasan ban iya mayar maka ba.

Haɗi bai yiwu ba. Ɗanbala ya ɗauki wani ɗan ɓalli da ya fita daga bakinta ya kai maƙera, ya gasa shi, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya ba shi masaba sau ɗaya tak. Ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Tsofaffin maƙeran Gwaram sun zo har nan sun jujjuya gutsattsarin, sun ce mutanen bakin teku narkar da ƙarfensu suke yi su zuba kamar dalma, shi ya sa ba ya jin guduma, kuma ba wanda zai iya ɗinke shi a ƙasar nan. Gari kuwa ya ɗauka. Wasu na cewa kambun baka ne, wasu na cewa tukunyar ce ta yi fushi don an raba ta da garinsu. Ni na san ba baki ba ne, ba fushi ba ne. Batulu ce.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne abin da ka ce Safara'u ta gaya maka. Ashe Sanda da hannunsa ya fara shafe tukunyar nan da man shanu, ya ɗora a wuta, ya sake shafawa, har ta yi baƙi. Ashe shi ya ce wa Turai baƙin nan rigarta ce, duk ranar da aka tuɓe ta za ta kamu da ciwo. A tafiyar da ta biyo baya ya rasu a hanyar Gwanja, ko kabarinsa ba ta sani ba. Na je mata ta'aziyya a lokacin, na kwana bakwai a ɗakinta, amma wannan ba ta taɓa faɗa mini ba. Ni ina ganin ƙazanta, ashe hannun mutum nake kankarewa da tsingaro. Har na yi tawada da shi ina tsokana.

Ka ce ba za ka iya haɗa ido da ita kana ɓoyewa ba, ga Cika-ciki ya matso, tana tambayarka ranar da za ka je ɗauko ta. Ka yi gaskiya. Ka gaya mata. Ka ce kai ka isar da saƙonta, ni na take. Kada ta riƙe ka, kada ta juya wa Safara'u baya saboda gidan da ta shiga. In zumuncinmu ne zai mutu, ya mutu a kaina ni kaɗai. Mun girme wa kowa a garuruwan nan biyu, ita kaɗai ta rage da ke kirana da sunana ba Dada ba. Ban san yadda zan yi ba in ta daina.

Na naɗe gutsattsarin a sabon zane. In ta ce a kawo, ka zo ka ɗauka.

Kakarka,
Batulu

*

Da sunan Allah, godiya ta tabbata gare Shi.

Daga Batulu zuwa ga Iliyasu. Bayan Cika-ciki, sabuwar shekara. Gaisuwa, da barka da ganin wannan wata. Ina fata kun cika cikinku, ko da yake kai naka ba ya cika. Ka gaida Safara'u da malaminku.

Kai, amma ka iya mugunta! Ka ɗora tsohuwa a kan jakin Sabo ka turo mini ita, ko ɗan saƙo babu? Na san za ka ce ita ta hana ka, ta kuma hana ka rakiya wai ka tsaya ga girbinka. To ga abin da ya faru, tunda ba za ta ba ka labari ba.

Ina tsakar gida da hantsi ina tsince wake, sai na ji sallama. Muryar da rabona da jin ta a gidan nan tun bikinku. Ƙwaryar ta suɓuce, kaji suka yi Salla. Turai ta shigo da sandarta, ƙura har gira. Na ce maraba. Uwarka ta kawo ruwa, Turai ta ƙi kallonsa. Kalma biyu ta yi: ina take?

Na ɗauko ƙunshin na kwance a gabanta. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi tabarma. Ta ɗauki gefe ɗaya ta jingina da gindin, ta ɗauki ɗayan ta haɗa, ta riƙe su da tafukanta har tukunyar ta koma kamar lafiyayya. Ta daɗe a haka. Da ta saki suka sake kwantawa. Sai ta sa yatsa ta shafi cikin, ta kai hanci. Ba ƙanshin komai, Iliyasu, sai tsatsa. Nan ne fuskarta ta motsa. Sai na durƙusa. Shekarata saba'in da ɗoriya, ban taɓa durƙusa wa Turai ba.

Ta dube ni ta ce, tashi, Batulu, gwiwarki ba ta ɗinkuwa ita ma. Ta ce tun muna yara ba na ganin abu a zaune in ƙyale shi, da aljanna za a ba ni aro sai na ce sharar ba ta yi ba. Ta zage ni tas, tun daga kan kakannina har kan kitson da na yi mata ranar aurenta. Ban taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba, don duk da sunana take yi.

Sai ta kwance ɗan ƙunshinta, ta fito da ƙoƙon man shanu. Tun daga gida ta taho da shi. Ta ce a ɗora gindin nan a wuta marar ƙarfi. Ka san ya rage da zurfi kamar babban kasko. Ta sa na goge tsatsar da yashi busasshe, ta ce wannan ne wanki na ƙarshe da zai gani a duniya. Da ya yi ɗumi ta dangwali mai da tsumma ta shafe shi, ta bari ya yi hayaƙi ya sha, ta sake. Sai ta miƙo mini tsumman, ta ce haka ya yi, yi in gani. Muka wuni muna karɓa-karɓa. Kafin magariba ya fara duhu, ɗan siriri kamar inuwa.

A nan ta yi sadakar Sanda, daren Cika-ciki. Tuwon a tukwanen ƙasa aka tuƙa, amma jelar ragon da muka ajiye tun layya a cikin ƙarfen nan aka soya ta, aka zuba a miya. Farin Dutse kaf ta ci, liman ya yi masa addu'a. Ɗanbala da ya ɓuya a gidan surukansa, ta aika aka kamo shi. Da ya zo, ta tura masa akushi ta ce ya cinye duka, sannan ya je ya gaya wa jikokinsa akwai ƙarfen da yake cewa a'a.

Da za ta tafi na sa aka naɗe kayan za a ɗora a jaki, na cika gindin da soye kamar yadda aka saba. Ta kwashe soyen tsaf. Ta ɗauki gefe ɗaya, mai kunnen riƙewa, ta sa a ƙunshinta. Gindin kuwa ta ture shi da sanda. Ta ce ita baƙar tukunya ta ba da aro, ba za ta karɓi tsirara ba. In yi ta suya a ciki, in goge da tsumma in shafa mai, ranar da baƙin ya koma kaurin ɗan yatsa a mayar mata. Na ce Turai, shekara talatin fa kika yi kina tara shi. Ta ce ta sani, ita ba ta sauri, za ta jira, kuma duk Cika-ciki za ta zo ta auna da yatsanta. Ta ce saura in kuskura in mutu da kayan aro a hannuna.

Don haka kalmarka tana nan, maigida, ba ta karye ba, an dai ɗaga ranar. Da hannunka za ka mayar, in ya so ka dogara sanda. Ka turo mini man shanu mai kyau ta hannun Sabo, aikin miji ne. Tawadar nan ta zo ƙarshe, ka ga yadda ta dusashe, kuma ba ni da inda zan kankaro wata. Uwarka ta ɓoye duk tsingaron gidan.

Allah ya ba mu tsawon rai, tunda yanzu dole ne.

Matarka da aka hana mutuwa,
Batulu